Yadda ake miƙa wa matashi waya a zango ba tare da an miƙa shi ga mugaye ba

Shekaru da dama ke nan ina gyaran waya a Adum, a tsakiyar Kumasi, kuma a 'yan shekarun nan akwai wani aiki da iyaye ke kawo mini wanda ya fi fasasshen gilashi da kumburarren batiri wuya. Uwa ce za ta taso daga Aboabo ko Sawaba, ta kwance bakin mayafinta ta fito da waya, ta ajiye a kan teburina ta ce, "Malam, don Allah ka kulle mini ita yadda yarinyar nan ba za ta ga komai ba sai karatu." Yarinyar kuwa tana tsaye a bayanta, kanta a sunkuye, tana murza yatsu. Nakan gaya wa uwar gaskiya cewa babu kwaɗon da zan sa wa waya wanda yaro mai shekara goma sha huɗu ba zai iya kewaye shi ba idan ya ƙudurta, domin ko ya kasa buɗe tasa zai ari ta abokinsa. Amma akwai abubuwa da yawa da ake iya yi, kuma idan aka bi su a jere suna rage hatsarin ƙwarai. Su ne zan bayyana a nan, yadda nake bi da su ga 'ya'yana da 'ya'yan 'yan'uwana.

Matakin farko ba a cikin waya yake ba, kuma shi ne wanda muka fi tsallakewa. Kafin wayar ta shiga hannun yaro, sai an zauna da shi an yi magana, kuma sai an zaɓi wanda zai yi maganar. A gidajenmu akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari wanda wata uwar ko sunansa ba ta kira, saboda haka kada uba ya ɗauka cewa ranar da wani ya turo wa 'yarsa hoton batsa za ta zo ta same shi a tabarmarsa ta faɗa masa. Ba za ta zo ba. A nemi wanda yaron ke sakin jiki da shi, ko yayarsa, ko ƙaramin kawunsa, ko gwaggon da ba ta da saurin fushi, a gaya wa yaron a gaban wannan mutumin cewa shi ne zai riƙa kai wa kuka. Sannan a yi masa alƙawari guda, da baki, a fili: duk ranar da wani abu ya faru a wayar nan, ko da laifinka ne, idan kai ka fara kawo maganar ba za a doke ka ba, kuma ba za a ƙwace wayar a wannan daren ba. Na san iyaye da yawa za su ji wannan alƙawarin ya yi musu nauyi. Dalilinsa shi ne, mutumin da ke yaudarar yara a intanet ba shi da makamin da ya wuce tsoron da yaron ke yi wa gidansu. Da zarar ya gane yarinya ta fi tsoron Babanta a kan shi, to ya samu igiyar da zai ja ta duk inda ya so, na wata da watanni, ba tare da kowa a gidan ya sani ba.

Bayan magana sai ita kanta wayar. Yawancinmu tsohuwar waya muke ba yara, ko wadda muka saya na hannu, kuma ya kamata a goge ta tas a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin a miƙa, saboda abin da nake gani a cikin wayoyin manya bai dace ya faɗa hannun yaro ba. Daga nan sai asusun Google wanda wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung ke buƙata. A nan akwai kuskuren da nake gani kusan kullum: a sayi waya a ce wa yaron shago ya "buɗe mata imel", shi kuma ya ƙirƙiri suna da kalmar sirri daga kansa, mai wayar ya tafi bai ma tambaya ba. Wanda ya san wannan kalmar yana iya ganin hotunan da wayar ke ajiyewa a asusun da lambobin da ke ciki. A buɗe asusun a gida, ko a canza kalmar sirrin da zarar an koma, a rubuta ta a takarda a ajiye inda ake ajiye katin asibiti da takardar haihuwa.

Sai batun shekaru, wanda nake so a tsaya a kansa sosai. Facebook da Instagram da TikTok da Snapchat duk sun gindaya shekara 13 a matsayin mafi ƙanƙantar shekarun buɗe shafi, kuma asalin wannan adadin wata doka ce ta Amurka ta shekarar 1998 wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da izinin iyaye. Ma'ana, ba wani likita ko malami ne ya auna ya ce ɗan 13 ya yi hankalin shiga ba, kuma Ostareliya ma ta kafa dokar da ta ɗaga shekarun zuwa 16. Wanda bai kai 13 ba kada a buɗe masa, komai kukansa. Wanda ya kai kuwa, a tabbata ranar haihuwarsa ta gaskiya aka sa. Yara suna son ƙara wa kansu shekaru su zama 'yan 20 ko 25, kuma ba su san abin da suke zubarwa ba, domin duk kariyar da waɗannan kamfanoni suka tanada wa matasa a kan ranar haihuwar take aiki. A TikTok, shafin wanda bai kai 16 ba a rufe yake farawa kuma ba a iya tura masa saƙon sirri, sannan wanda bai kai 18 ba ba ya iya fitowa kai tsaye a bidiyo. A Instagram, tun shekarar 2024 aka fito da asusun matasa wanda ke farawa a rufe, yake hana baƙi tura saƙo, yake kashe ƙarar sanarwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, kuma wanda bai kai 16 ba ba ya iya sassauta waɗannan sai da yardar iyaye. Yarinyar da ta ce ita 'yar 22 ce ta cire duk wannan da hannunta. Idan an tarar an riga an yi ƙaryar, mafi sauƙi shi ne a rufe tsohon shafin a buɗe sabo da ranar gaskiya, ko da za ta yi kwana biyu tana fushi saboda mabiyan da ta rasa.

Yanzu sai a zauna tare da yaron, wayar tana hannunsa, shi zai riƙa dannawa kai kana kallo. Na fi son haka a kan a karɓe wayar a yi a ɓoye, domin abin da ya saita da yatsansa ya san dalilinsa. A fara da WhatsApp, tunda shi ne kowa ke da shi kuma shi ne iyaye suka fi rainawa. A taɓa ɗigo ukun nan da ke sama ta hannun dama, a shiga saituna, a nemi sashen sirri mai alamar kwaɗo. A nan za a mayar da hoton fuskar shafi da bayanin kai da lokacin da aka ga mutum na ƙarshe su zama waɗanda ke cikin lambobin wayar kaɗai ke gani. A cikin sashen dai akwai wurin da ake zaɓar wanda zai iya jefa mutum cikin guruf, shi ma a mayar da shi ga lambobin da aka ajiye, domin ta nan ne ake kwasar yara a zuba su cikin gurufan caca da na batsa ba tare da an tambaye su ba. Akwai kuma maɓallin da ke sa kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru, a kunna shi.

Daga nan a koma baya a shiga sashen asusu mai alamar mabuɗi, a kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a zaɓi lambar sirri mai lamba shida. Amfaninta a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin an sace wa ɗan'uwansa WhatsApp. Yadda ake satar shi ne wani ya kira ya ce shi ɗan gurufinsu ne na makaranta ko na islamiyya, za a yi taro ta intanet, an turo wata lamba shida ta saƙon tes, a karanto masa don ya yi rajistar suna. Wannan lambar ita ce mabuɗin shafin, kuma da an karanta ta shi ke nan, cikin minti kaɗan sai a ga ana roƙon kuɗi wurin dangi da sunan yaron. A koya wa yaro cewa lambar da ta shigo ta tes ba a karanta wa kowa ita, ko da muryar ta yi kama da ta malaminsa. Abu na ƙarshe a WhatsApp shi ne a duba, a ƙarƙashin ɗigo ukun nan, jerin na'urorin da aka haɗa da shafin. Idan an ga wata kwamfuta ko waya da ba a sani ba, a cire ta nan take. Na sha ganin saurayi ya ari wayar yarinya na minti biyu da sunan zai kira, ya haɗa shafinta da tasa, ya zauna yana karanta duk abin da take rubutawa.

TikTok yana da tsarin da ake kira Family Pairing, inda uwa ko yaya za ta buɗe nata shafin, wata alama mai murabba'i ta bayyana a wayarta, yaron ya haska ta da tasa, sai wayoyin biyu su haɗu. Daga nan babba yana iya ƙayyade awannin kallo, ya taƙaita wanda zai tura saƙo, ya rage irin bidiyon da ke fitowa. Instagram da Snapchat su ma suna da irin wannan sashen kulawar iyaye, wanda ke nuna da wa yaron ke hulɗa ba tare da ya nuna abin da suka ce wa juna ba. A Snapchat akwai taswirar da ke nuna wa abokai inda mutum yake a wannan lokacin, kuma a unguwa irin Asawase inda kowa ya san lungun kowa, wannan daidai yake da nuna ƙofar gida da yatsa. A shiga taswirar a kunna Ghost Mode domin a ɓoye wurin. A Facebook kuwa aikin ba shi da yawa: a taƙaita masu ganin rubutu zuwa abokai kawai, a ɓoye lambar waya da jerin abokai, sannan a bi jerin ɗaya bayan ɗaya ana tambayar yaron, "Wannan wane ne, a ina ka san shi?" Duk wanda bai taɓa gani ido da ido ba, a cire shi.

Ga mai son ƙarin iko a kan wayar baki ɗaya, manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba uba damar amincewa ko hana sauke sabuwar manhaja, da sa lokacin da wayar za ta kulle kanta da dare. Ga wanda ya kai 13 ana buƙatar yardarsa kafin a haɗa, wanda ya sake mayar da mu ga zaman farko da aka yi da shi.

Amma ni dokar da na fi yarda da ita ba ta bukatar data ko manhaja: waya ba ta kwana a shimfiɗar yaro. Bayan sallar isha'i da cin tuwo, a sa lokaci, misali ƙarfe tara, kowace wayar yara ta tafi caji a ɗakin Mma har gari ya waye. Yawancin ɓarnar da na ji labarinta tsakanin sha ɗaya na dare da asuba ta faru, lokacin da gida ya yi tsit, yaro ya ja mayafi ya rufe kansa, hankalinsa ya gaji, kuma babu wanda zai leƙo. A gidan haya mai ɗaki da falo inda yara ke kwana tare, ƙannen ma suna kallon abin da yayan ke kallo. Dokar tana tafiya ne kawai idan manya sun rage nasu, domin uban da ke kan TikTok har ƙarfe ɗaya ba shi da bakin hana ɗansa. Masu 'ya'ya a makarantun sakandare na kwana su kula da makon farko na hutu, saboda an hana ɗalibai riƙe waya a makaranta, kuma yaron da ya yi watanni babu ita yakan dawo da ƙishirwar da ke sa shi amsa duk saƙon da ya tarar.

Akwai kuma abin da yaro ke sakawa da kansa. A yi masa bayani dalla-dalla cewa hoto da kayan makaranta yana gaya wa baƙo makarantar da yake da lokacin da ake tashi, bidiyo a ƙofar gida yana nuna unguwa, kuma rubuta cewa Mma da Baba sun tafi Tamale biki sanarwa ce cewa babu babba a gida. Hoton da aka tura da tsarin gani sau ɗaya bai ɓace ba, tunda ana iya ɗaukar fuskar wayar da wata wayar. Game da hoton tsiraici kuwa, kada a yi kwana-kwana saboda kunya, a faɗa a fili cewa ba a ɗauka, ba a turawa, ko ga wanda ya yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa aure zai yi. Mu iyaye ma muna da namu laifin a nan, domin mu ne ke ɗora bidiyon 'yanmatanmu suna rawa a wurin biki a sitatus, inda ɗaruruwan lambobin da ba mu tuna masu su ba ke kallo suna saukewa.

Ɓangaren kuɗi shi ne wanda ya fi kama samari. Layin yaro sau da yawa da katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, na uwa ko na yaya aka yi masa rajista, kuma idan akwai MoMo a kai, wato asusun kuɗi na waya, duk abin da aka aikata da shi sunan mai katin zai fito. A koya masa abu uku a aikace, wayar tana hannunsa: lambar sirrin MoMo ba a faɗa wa kowa, ko wanda ya ce daga ofishin kamfani yake kira, idan wani ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, a duba ragowar kuɗin da ke asusun da kai kafin a yi komai, kuma idan saƙo ya fito yana neman a sa lambar sirri alhali ba a sayi komai ba, a soke shi. Lokacin jarrabawar BECE da WASSCE gurufa ke cika da masu sayar da "apo", wato tambayoyin da suke iƙirarin sun fita, kuma bayan sakamako sai masu cewa za su canza wa yaro makarantar da aka tura shi idan an biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka nan tallan aiki a ƙasashen Larabawa ko Turai da ke neman kuɗin fom da hoton fasfo, da cacar ƙwallo wadda dokar Ghana ta haramta wa wanda bai kai 18 ba amma yara ke yi da asusun yayyensu.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren, ko da ba daɗi. Kalmar nan "sakawa" da duk Ghana ke kiran damfarar intanet da ita daga bakinmu na Hausa ta fito, kuma ba kullum ne ɗanmu yake zama wanda aka cuta ba. Yaro yana zaune a bes, wato majalisar samari, ana shan ataya, wani babba mai sabuwar mota ya ce ya ara masa lambar MoMo kuɗi za su shigo zai ba shi sidi hamsin, ko ya buɗe masa shafi da hoton wata mace. Daga nan ake farawa. Idan yaron da ba ya sana'a ya shigo da sabon takalmi ko waya ta biyu, a tambayi inda ya samu, kuma kada uwa ta karɓi kuɗin cefane daga hannunsa kafin ta ji amsa. A kuma gaya masa cewa tura hoton tsiraicin wata yarinya zuwa guruf, ko da ba shi ya ɗauka ba, laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa ƙarƙashin dokar tsaron intanet ta Ghana ta shekarar 2020, wadda ake kira Act 1038.

Iyaye suna yawan tambayata ko su riƙa karanta saƙonnin 'ya'yansu a ɓoye, wasu ma har su nemi in sa musu manhajar leƙen asiri. Ba na sawa. Ra'ayina shi ne dubawa a fili ta fi: yaron ya san tun ranar farko cewa Yaya ko Baba zai riƙa karɓar wayar lokaci zuwa lokaci su duba tare, ɗan 13 a kai a kai, ɗan 17 jefi-jefi. Wanda ya gano ana bibiyarsa a ɓoye yakan buɗe shafi na biyu da ba wanda ya sani, kuma a can ne ainihin rayuwarsa za ta koma. Abin da ya fi karanta saƙo amfani shi ne karanta yaron kansa. Ruwa ba ya tsami banza: yarinya mai surutu ta yi shiru kwana uku, ta daina cin abinci, tana firgita idan waya ta yi ƙara, yaro ya fara roƙon kuɗi ba dalili ko kuɗi su fara ɓata a gida, wani ya riƙa turo masa data da katin waya kyauta, ya ƙi zuwa makaranta ko islamiyya ba tare da ciwo ba. Idan an ga irin wannan, lokacin tambaya ya yi, kuma wanda aka zaɓa tun farko shi ya kamata ya tambaya, a keɓe, da murya ƙasa-ƙasa.

Saura mataki mafi nauyi, wato abin da za a yi idan abin ya riga ya faru. Wani dare bayan na rufe shago, ɗan wata 'yar'uwata mai shekara goma sha shida ya biyo ni har gida, ya tsaya a zaure ya kasa shigowa. Da na fito sai ya miƙo mini wayarsa hannunsa yana rawa, ya ce, "Kawu, na yi abin kunya, kuma sun ce idan ban tura kuɗi kafin safe ba za su tura wa Mma." Wata ce da hoton kyakkyawar budurwa ta yi kwana huɗu tana hira da shi, ta turo hoton da ta ce nata ne, ta nemi nasa, kuma minti kaɗan bayan ya tura sai ga jerin sunayen danginsa da abokan ajinsa tare da lambar da zai biya. Mutane suna ɗauka 'yanmata kaɗai ake yi wa haka, alhali hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗin cewa masu irin wannan ƙwace sun fi farautar samari 'yan 14 zuwa 17, kuma a shekarar 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu wannan sana'ar.

Abu na farko a irin wannan daren shi ne ka riƙe fushinka, ka zaunar da yaron, ka gaya masa ya yi daidai da ya zo, kuma wannan abu ne mai wucewa. Kada a bar shi shi kaɗai a daren, domin an samu yara a ƙasashe daban-daban da suka hallaka kansu cikin 'yan awanni saboda irin wannan barazanar. Na biyu, kada a biya ko pesewa ɗaya, saboda wanda aka biya sau ɗaya ya gane akwai kuɗi kuma akwai tsoro, gobe zai ninka. Na uku, a daina amsa masa, amma kada a goge hirar. A ɗauki hoton fuskar waya na saƙonnin barazanar, da sunan shafin, da lambar wayar, da lambar MoMo da ya bayar, da ranar da lokacin. Shi kansa hoton tsiraicin kada a kwafe shi, kada a tura wa kowa ko da da niyyar neman taimako, domin a dokar Ghana duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma yaɗa irin wannan hoton nasa laifi ne ga kowa. Bayan an adana shaida, sai a kai ƙarar shafin a cikin manhajar, a toshe shi, a canza kalmomin sirri, a rufe shafukan yaron daga idon baƙi.

Daga nan a kira ko a tura saƙon tes zuwa 292, lambar da Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana ta ware don kai irin wannan rahoton. Idan mai barazanar sananne ne, saurayi ko maƙwabci ko wani babba a unguwa, a je sashen DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da cin zarafi a gida da tallafa wa waɗanda aka zalunta, da wayar da shaidun. Act 1038 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 25 ga mai ƙwace da barazanar yaɗa hoton tsiraici, saboda haka kada a yarda a kashe maganar a zaure da ban haƙuri don gudun tonon asiri, tunda wanda aka rufa wa asiri yau 'yar wani zai nema gobe. Akwai kuma wani shafi kyauta mai suna Take It Down, na wata cibiyar kare yara ta Amurka, wanda aka yi domin waɗanda aka ɗauki hotonsu kafin su kai 18. Hoton ba ya barin wayar. Shafin yana ciro masa wata lamba ta musamman kamar zanen yatsa, ya raba ta ga kamfanonin da ke cikin tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, domin su gane hoton su cire shi idan an ɗora. Ba ya isa ko'ina, amma yana toshe manyan hanyoyin.

Maganar ta tsaya tsakanin mutum biyu ko uku da ya zama dole su sani. A gidan haya mai ɗakuna goma, abin da aka faɗa da ƙarfi a tsakar gida kafin azahar ya kai bakin famfo, kuma yarinyar da aka yi wa haka ita za ta ɗauki tabon har lokacin aurenta alhali ita aka zalunta. Idan barazanar ta kai ga 'yan ajinsu, a sami malami ɗaya amintacce a sanar da shi domin ya tsawata wa masu yaɗawa. Ni da mahaifiyar yaron nan mun yi maganar washegari bayan sallar asuba, kafin sauran yara su tashi, kuma na fara tuna mata alƙawarin da muka yi masa ranar da aka ba shi wayar. Mun canza masa layi, muka buɗe sababbin shafuka da ranar haihuwarsa ta gaskiya, muka bi saitunan nan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da kansa, sannan na mayar masa da wayar a hannunsa kafin ya tafi makaranta ranar Litinin.